Jan Bulo da Farin Dutse

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a Madinat Nasr, samari biyu suka tare ni a wurin mai shayi. Ɗaya ya ce, "Baba Hamisu, ka ɗauke mu aiki mana. Ai sana'arka ta fi ta kowa daɗi a Alƙahira. Wanda ka sayar wa ɗaki ba ya dawowa ya ce rufin yana yoyo." Suka kwashe da dariya har da tafawa. Ɗayan ya ƙara da cewa ai waya ce kawai da zaƙin baki, sai karɓar la'ada.

Ban yi dariya ba. Na ajiye kofin na tafi. Amma maganar ta bi ni har gida, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don in raina ya ɓaci bakina ba ya iya jera magana. Ku karanta, ku da masu irin tunaninku. In kun gama kuna son aikin, kun san inda nake.

Karatu ya kawo ni Masar daga Malumfashi, kamar ku. Karatun bai yiwu ba, kuma laifina ne, ba na malamai ba. Nahawu ya kayar da ni sau biyu, na uku ban ma shiga ɗakin jarrabawar ba. Kunya ta hana ni komawa gida, sai na koma raka marasa lafiya 'yan ƙasarmu asibiti ina yi musu tafinta. Wasu su warke su tafi. Wasu kuma kwanansu ya ƙare a nan, kai gawa gida a jirgi kuwa ba kowa ke iyawa ba. Sai a ce, Hamisu, nemo mana wuri. Ta haka na haɗu da Ammu Sabri. Shi turabi ne, wato mai kula da maƙabarta, gadon ubansa da kakansa. Shekara shida na yi ina bin bayansa kafin ya bar ni na riƙe makulli ni kaɗai.

Aikina na farko wani Alhaji ne daga Sakkwato da ƙanensa ya rasu. Na kai shi ya ga wurin da na samo, ina ta murna na yi abin kirki. Irin maƙabartar mutanen nan ce. Fili ne ɗan ƙarami da aka kewaye da bango, da ƙofar ƙarfe, shi ake kira hoshi. A ƙarƙashinsa an gina ɗakuna biyu, na maza da na mata. In an yi rasuwa sai a share yashi, a ɗaga falalen duwatsu, a sauka matakala da mamacin a kwantar da shi kusa da waɗanda suka riga shi, a mayar da duwatsun. Alhajin ya leƙa ramin matakalar, ya ɗago ya dube ni.

"Hamisu, binne ɗan'uwana na zo yi, ko ajiyarsa zan ba ka?"

Ya faɗa mini maganar da ba zan rubuta ba, gawa kuma tana asibiti tana jira. Daga ranar na gane Bahaushe lahadu yake so, raminsa shi kaɗai, ƙasa a kansa. Irin wannan hoshin da ba a gina ɗaki a ƙarƙashinsa ba sai can bayan gari, cikin hamada, tafiyar awa ɗaya da rabi in hanya ta yi kyau. Can rayuwata ta ƙare.

Kun ce waya ce kawai. Ga abin da ke cikin buhuna kullum: mitar awo ta ƙarfe, igiya da turaku, gwangwanin mai don kwado, buroshin fenti, ƙaramin shebur, da littafi mai baƙin bango. Jarkar ruwa kuma a hannu. Gishirin ƙasar nan yana cin bango daga ƙasa, in ba ka kankare ka shafe duk shekara ba, wata rana ka tarar da shi a kwance. Kwado ya yi wata uku ba mai, yashi ya cika shi, ranar jana'iza kana tsaye da guduma mutane na kallonka da makara a kafaɗa. Ƙofar ƙarfe ana sace ta. Karnuka suna tona. Wanda ya fi duka, hoshin da aka ga ba mai zuwa, ba sabon fenti, ba a zuba wa tsiron bakin ƙofa ruwa, to akwai masu ido a kansa. Wata rana ka zo ka ga sabon kwado da sunan wani dangi a sama. Mu kuwa mutanenmu, da an binne an yi addu'a, shi ke nan, ba mai sake waiwayawa. Ni ne mai waiwayar. Wannan shi ne aikin, sayarwar minti goma ce.

Masu sayen ma kowa da nasa. Wani babba daga Zamalek, unguwar masu kuɗi, ya ƙi zuwa, ya aiko direbansa ya ɗauki hoto, sannan ya kira ni yana tambaya ko akwai wurin ajiye motoci. Na ce ranka ya daɗe, ranar da za ka zo ba kai za ka tuƙa ba. Bai sake kirana ba, kuma na san bakina ne ya jawo. Wani sai na yi masa bayani sau biyar cewa ba ƙasar ya saya ba, izinin binnewa ne hukuma ke bayarwa, takardar kuma sai an bi ta ofis an tabbatar ba a sayar wa wani ita ba. Ya ce to, tamam, wai ya gane. Bayan wata biyu ya dawo yana tambaya ko zai iya sayarwa in ta yi tsada. 'Yan'uwanmu Kirista na ofishin jakadanci su ma ni suke kira, in haɗa su da mutumin coci da na sani, in raka su har a gama, don ba a barin baƙo da gawa a hannu.

Abin da Ammu Sabri ya fi nanata mini ɗaya ne. Duk wanda aka binne, kafin mutane su watse, ka auna daga bangon gabas, ka auna daga bangon ƙofa, ka rubuta suna da awon. Yana ce mini Shehi, don tsokana, saboda ya san yadda karatuna ya ƙare. "Ya Shehi, ƙasa ba ta riƙe suna. Auna daga bango, ka rubuta." Na ji wannan ya fi sau ɗari. A hoshin mutanensa nakan yi, don yana tsaye a kaina. A namu ban yi ba.

Namu shi ne wanda jama'armu suka haɗu suka saya, aka damƙa mini kula da shi. Layi huɗu ne, kowane layi mutum huɗu, kan wannan wajen ƙafar wancan, kowa na fuskantar alƙibla. Da aka zo maganar sa allon suna a kan kabari yadda Misirawa ke yi, ɗalibai suka yi taro uku a kai. Aka kawo littattafai, aka ɗaga murya, wani ya yi fushi ya fita ya bar takalminsa. Aka tashi a kan ba za a rubuta komai a kan kabari ba. Ba su hana ni rubutawa a littafina ba. Wannan ni na hana kaina. Na ce ni da na taɓa haddace izu talatin, wuri goma sha shida ne zai gagare ni? Sai na koma yin alama irin ta gida. Wannan in sa masa fasasshen tulu a wajen kai, wancan guntun itace, wancan dutse. Ina shiga in zaga da ido in kira sunan kowa. Har alfahari nake yi da shi a gaban baƙi.

Na kuma ware wa kaina wuri. Layi na huɗu, na uku daga ƙofa, jikin bangon baya inda inuwa ke sauka da la'asar. Na biya kamar kowa. Mutumin da ya san ba zai koma gida ba, yana son ya san inda zai kwanta.

Wata Talata cikin sanyi aka kawo mini mutum biyu rana ɗaya. Ɗaya Malam Garba, direba, dattijo, ya fi shekara ashirin yana tuƙa iyalan ma'aikatan ofishin jakadancinmu a Zamalek. Ɗayan wani ɗalibi ne daga Tanut ta Nijar, Mahamadu, bai daɗe da zuwa ba, ko abokai bai gama yi ba. Aka yi musu salla tare. Aka haƙa biyu a tsakiyar layi na uku, na biyu da na uku daga ƙofa. Ammu Sabri yana kwance ba lafiya, masu haƙan 'yan aikin yini ne da ban san su ba. Rana ta kusa faɗuwa, direban motar da ta kawo mu yana ta danna oda yana yalla, yalla, wai mu yi sauri. Na ɗauki guntun jan bulo na sa wa Malam Garba, na sa wa yaron farin dutse, na kulle ƙofa. Mitar tana cikin buhuna. Littafin ma.

Bayan wata huɗu aka yi ruwan nan da tsofaffin garin suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Kun san Alƙahira, sai a shekara ba a ga ruwan da zai jiƙa riga ba. Hoshinmu a gangare yake. Tun da muka saye shi Ammu Sabri ke cewa in ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu. Kullum sai in ce mako mai zuwa, a raina ina cewa ruwan me a hamada. Kwana uku kafin hanya ta buɗe. Da na isa, ruwa ya shiga ta ƙarƙashin ƙofa ya fasa bangon baya ya fita. Filin ya zama sumul kamar an share don shanya. Tulu, itace, duwatsu, duk sun taru a kusurwa ɗaya cikin laka. Na tsugunna na tono jan bulon da farin dutsen, suna manne da juna.

Sauran kaburburan ban sha wuya ba, don ɗaya bayan ɗaya aka yi su, shekara da shekaru, na san jerinsu. Waɗannan biyun ne. Na san jan bulo na Malam Garba ne. Amma a na biyu na sa shi ko a na uku? Na rufe ido na ga na biyu. Na sake rufewa na ga na uku. Na bi waɗanda suka halarci jana'izar ina tambaya a fakaice, kamar hira. Uku suka ce wanda ya fi kusa da ƙofa, biyu suka rantse ɗayan ne, wani ya ce shi waya yake amsawa a lokacin. Masu haƙa sun koma ƙauyensu, ko sunansu ban tambaya ba. Ban gaya wa Ammu Sabri ba. Na gyara bango, na tara ƙasa, na mayar da alamomi. Na ajiye jan bulon a na biyu, don dole in ajiye shi wani wuri.

Mako guda bayan haka matar Malam Garba ta fita takaba. Hajiya Rabi, wadda ɗalibai ke ce wa Inna, tana sayar da tuwo da waina daga gidanta a unguwar Hadayek el-Maadi. Kamar kowace mace tamu, ba ta je binnewa ba. Ba ta ga komai ba. Abin da na faɗa mata shi ne abin da za ta sani har abada. Maƙwabciyarta Bamisiriya ce ta rako ta, don su matan nan suna ziyara.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam Hamisu, wanne ne?"

Na nuna na biyu. Ko jinkiri ban yi ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro in na tuna.

A ranar ta ce tana son wurin da ke bayansa, layi na huɗu, na biyu daga ƙofa. Ba ta da niyyar komawa gida, 'ya'ya sun yi nisa kowa da hidimarsa, nan ta tsufa. "In na zo, a sa ni a jikinsa. Shekara talatin da takwas ban kwana nesa da shi ba sai in ya yi tafiya." Na sayar mata. Na ba ta takarda, na sa hannu. Wurin nata yana maƙwabtaka da nawa.

Shekara uku tana zuwa duk Alhamis ɗin farkon wata. Ƙananan bas biyu take hawa, sannan ta taka sauran da ƙafa, da jarkar ruwa da ledar burodi na sadaka. Ta dasa tsiron nan mai ƙaya da Misirawa ke sawa a kabari, a wajen jan bulon. Wani ɗalibi ya je har gida ya yi mata wa'azi a kan ziyarar mata. Ta zuba masa tuwo ta ce ya ci ya ƙoshi, ran Alhamis ya zo ya tare hanya in ya isa. Ni ke buɗe mata ƙofa. In koma waje in zauna ina shafa wa kwado mai, ina jinta tana addu'a, in ta gama ta shiga ba shi labari. Wane ya yi aure, gas ya yi tsada, gwiwarta ta dame ta. Sau talatin da wani abu na zauna a bakin ƙofar nan. Kowane zuwa ina cewa yau zan faɗa, kowane zuwa in karɓi burodina in yi godiya.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta aika aka kira ni. Na same ta a falo an jingina ta da matasai, ta rame. Ta sa aka fito da likkafaninta ta nuna mini inda yake, da takardar da na ba ta.

"Likita ya gama nasa. Saura naka. Malam Hamisu, amana ce. A jikinsa."

Na ce, "Hajiya, akwai magana."

Na faɗa mata duka, daga mitar da ban ciro ba har bulo biyun da ban sa a ƙofa ba. Ban ɗora wa ruwa laifi ba, ban ɗora wa ɗalibai ba. Da na gama ta ɗago ta dube ni.

"Shekara uku kana zaune kana jina."

"Ina ji, Hajiya."

"Kana cin burodina."

Sannan ta jefo mini tambaya.

"Ɗayan ɗan wane ne?"

Na gaya mata sunan yaron da garinsu. Ta tambaya ko wani nasa ya taɓa zuwa. Na ce ko mutum ɗaya.

"To, in ma shi nake shayarwa, ruwan bai zube a banza ba. Wannan tsakanina da Allah ne. Amma kai ba ka fita ba. Ban san yadda za ka yi ba, kuma kar ka taɓa mini kabarin kowa. Na ce a jikinsa. Tashi ka je."

Washegari na je wurin Ammu Sabri. Ya tsufa sosai lokacin, da sanda yake tafiya. Na faɗa masa. Ya zage ni da Larabcin da ba a koyarwa a jami'a, ya haɗa da Shehi a kowace gaɓa. Da ya gaji ya ce in ɗauko buhuna. Muka shiga hoshin, ya sa na kama bakin mita a bangon ƙofa, ya ja har inda kabari na biyu ya ƙare na uku ya fara. Ya kafa sandarsa a wurin. Sannan ya ja da baya zuwa layi na huɗu, ya auna rabin tsayin kabari ta dama, rabi ta hagu, ya ce in buga turaku in ɗaura igiya.

Na tsaya ina kallo. Kabarin da igiyar ta zana ya hau kan iyaka, rabinsa a bayan na biyu, rabinsa a bayan na uku. Duk inda Malam Garba yake, tana jikinsa.

Ya ce, "Amma ya ci wuri biyu. Rabin nan nata ne. Ɗaya rabin na wa?"

Ya sani sarai. Shi ya taya ni zaɓensa saboda inuwar.

Na ce, "Nawa ne."

"A da ke nan," in ji shi. "Khalas, an gama. Buga turken da kyau."

Na koma na zana wa Hajiya a bayan takardarta, da layi da awo. Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Wannan rabin fa?" Na gaya mata. Ta ce, "Kai kuma ina za ka kwanta?" Na ce hoshin ya cika da masu shi, ban sani ba tukuna.

"To ka ɗanɗana," ta ce. Sannan ta ɗaga murya ta ce a zubo mini tuwo. Ban ji ta ce ta yafe ba, kuma ban da fuskar tambaya. Na ci tuwon.

Bayan kwana goma sha tara muka kai ta. Kafin kowa ya motsa na ciro mita a gaban jama'a, na auna daga gabas, na auna daga ƙofa, na rubuta, na sa mutum biyu suka duba suka sa hannu. Direban mota yana ta oda, na bar shi ya yi ta yi. Da babban ɗanta ya zo daga Kaduna ya tambaye ni wanne ne na mahaifinsa, na ce ɗaya daga cikin biyun nan ne, ban san wanne ba, kuma ni na jawo. Bai gaishe ni ba da zai tafi. Yana da gaskiya. Jan bulon da farin dutsen na haɗa su wuri ɗaya a kan iyakar, na raba tsiron gida biyu, kowane kabari da nasa. Duk Alhamis ɗin farkon wata ina zuba wa uku ruwa.

To, samari, wanda na sayar wa ba ya dawowa, haka ne. Matarsa ce ke zuwa, da ɗansa, su tsaya a bakin ƙofa su ce wanne ne, kuma duk abin da yatsanka ya nuna shi za su riƙe. In har yanzu kuna so, ku same ni ran Alhamis bayan asuba a tashar bas, kowa da jarkarsa cike, kuma ba da takalmin zuwa jami'a ba. Wata shida za ku yi kuna riƙe bakin mita kafin in bari ku yi magana da mai saye.

Ni har yau ban sami wuri ba. Duk wanda na gani mai kyau sai wani ya rasu a gaggauce in ba shi. Wataƙila ɗayanku ne zai nema mini. Ba na neman inuwa yanzu. Duk inda kuka sa ni, ko da direba zai fasa odar motarsa, kar ku kulle ƙofa sai kun auna daga bango kun rubuta.